Injin da Ke Ƙarƙashin Tamfol: Wasiƙa Zuwa ga Uwata

Uwata,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan jikokina. Mu ma nan Kaduna lafiya ƙalau, in ban da gwiwar nan tawa da take tashi duk sanda hunturu ya shigo. Mahaifiyarki tana nan tana fama da awakinta.

Ranar da kika buga mini waya kika ce an ɗora miki darasin kasuwancin fasaha na 'yan aji huɗu, na ji ranki a ɓace. Kin ce ke injiniya ce, shekara da shekaru kina lissafin zafi da ƙarfin ƙarfe, ina ruwanki da saye da sayarwa. Kin ce manyan malamai gudun darasin suke yi, shi ya sa aka jefo wa ƙarama. Na ce za mu yi magana, sai aka kira sallah. Daga baya na ga gara in rubuta a fili inda abokan aikinki za su gani, don ba ke kaɗai kike wannan ƙorafi ba, kuma abin da zan faɗa na daɗe ina rufe shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin san abin nan da ke bayan madafa, lulluɓe da tamfol, wanda kaji suke kwana a ƙarƙashinsa. Kun taso kuna ce masa injin Baba, an kuma hana ku hawansa. Ban taɓa ba ki labarinsa daga farko har ƙarshe ba.

Shekara 22 na yi ina injiniyan gyara a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. A zamaninmu, in aka busa jiniyar canjin aiki, titi ba ya ƙetaruwa saboda kekuna. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar farko a zamanin Sardauna, unguwar kacokan a kan zare ta ginu. To, a duk waɗannan shekaru ban taɓa sanin nawa ake sayar da turmi ɗaya na atamfar da injunana suke fitarwa ba. Ban ma taɓa tambaya ba. A ganina wannan aikin 'yan ofishin sama ne, masu zama cikin sanyi. Ni dai in injin ya tsaya a tashe ni, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kayan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa, wuta ta yi wuya, baƙin mai ya yi tsada, masaƙu suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka garƙame tamu ƙofar, babu injin ko ɗaya da ya lalace a sashena. Kasuwa ta daɗe da mutuwa a waje, mu muna ciki muna shafa giris.

Da ɗan abin da aka ba mu na sallama ya shigo hannu, na ce ni ba zan zauna a majalisa ina ƙirga motoci ba. Na duba unguwarmu, kusan kowane layi akwai gidan da ake man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kin san wahalar aikin: a soya gyaɗa, a murje a sheƙe, a kai markaɗe, a dawo a zuba a turmi ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso, sannan a matse tunkuza da hannu. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne ga wanda ya riƙe injunan masaƙa. Wata uku ina zane. Na ƙera injin matsa mai murɗaɗɗiyar sanda a ciki, tana tura gyaɗa cikin bututu tana ƙara ƙuntata ta har mai ya tsiyaye ta ƙasa. Ba abin da nake nema sai in ga ɗigon mai na ƙarshe ya fito daga ƙwayar gyaɗa. Kuma ya fito. Har yau in na tuna yadda injin nan yake kaɗawa ba ko girgiza, sai in ji sanyi a raina. Da na ga ya yi, sai na zuba sauran kuɗin na ƙera guda 10 a tashi ɗaya, wai sari ya fi araha.

Na kira taro. Manya suka zo, aka yi jawabi, aka tafa, har da mai hoto. Kowa ya ce Allah ya sa albarka. Ba wanda ya ce nawa ne. Ki riƙe wannan, Uwata, domin ɗalibanki za su sha jin Allah ya sa albarka su ɗauka ciniki ne. Biyu na sayar: ɗaya wani abokina ya saya don kunya, ɗayan wani ofishi ya karɓa ya jefa a sito.

Wata rana da yamma mahaifiyarki ta zo wucewa ina gwada shi a tsakar gida. Ta sunkuya ta ɗebi abin da yake fitowa ta bayan injin, ta murza a tafin hannu, ya wargaje kamar marmashin bulo. Ta ce, “Malam, wannan ai abincin shanu ne. Da me za a mulmula ƙuli?” Na ce ai mai muke nema. Ta yi dariya ta ce duk mai wannan sana'a ta san kuɗin mai kuɗin gyaɗa ne, shi ake mayarwa kasuwa a sake awo, ribar tana cikin ƙuli. Tunkuza kuwa sai da sauran maiƙo da laushi a jikinta take mulmuluwa, ta soyu ta yi garɗi. Wato wata uku na kwashe ina lissafin yadda zan ƙwace wa matan nan ribarsu. Na ce, “Don me ba ki faɗa mini tun farko ba?” Ta ce, “Ka tambaye ni?”

Ban tambaye ta ba. Matar da ta taso a gidan da ake wannan sana'a, muna kwana ɗaki ɗaya, ban tambaye ta ba, saboda ba ta da digiri. Akwai ma sauran ta'asa: na sa masa moto mai cin layi uku, alhali gidajen da nake nufi layi ɗaya ne da su, shi ma sai an ga damar kawo wuta. Boris ɗin da na zaɓa irin na masaƙa ne, in ya ci sai an aika Legas.

Wanda ya fitar da ni daga wannan rami wani mai walda ne a Panteka, Allah ya jiƙansa, ko firamare bai gama ba. Na je sayar masa da guda bakwai a kilo, sai na tarar da mata uku a benci suna jiran nasa injin. Wani mummunan abu ne, rabin duro da sanda mai fikafikai a ciki, ƙaramin injin fetur irin na markaɗe yana juya ta, waldar kuwa kamar an yaɓa tuwo. Ba ya matsa, juyi kawai yake yi. Aikin taɓarya ya ɗauke wa mace, ya bar mata tunkuzarta yadda ta saba. Boris ɗinsa na mota ne da ake samu a kowace tasha.

Na tambaye shi guda nawa yake ajiyewa a ƙasa. Ya dube ni ya ce, “Injiniya, mu nan ba ma yanka ƙarfe sai mun ga kafin alƙalami.” Rabin kuɗi kafin a fara, ciko ranar ɗauka. Da kuɗin mai saye yake sayen faranti, kuma wanda ya ba da kafin alƙalami ya riga ya amsa tambayar da ni na ƙone kuɗin sallamata ban yi ba. Daga baya wani malami ya gaya mini wannan ciniki yana da babinsa a fiƙihu, istisna'i ake ce masa: a ba mai sana'a aikin abin da bai wanzu ba tukuna, a kan siffa da farashin da aka yanke. Mutumina bai san sunan ba, yi kawai yake yi.

Shekara biyu na zauna a rumfarsa, kuma ba karɓa kawai na yi ba. Injunansa ba biyu da suke daidai, don da ido yake awo, in wani abu ya karye a Zariya sai an dawo da injin ɗungurungum. Na yi masa ma'aunin ƙarfe da ake ɗora faranti a kai a huda, ramuka su faɗa wuri ɗaya kullum. Sandarsa tana yawan karyewa a wuya, na lissafa masa kaurin da ya kamata, na nuna masa a daina barin kusurwa mai kaifi a inda kauri yake canzawa. Da abin da muka samu tare aka biya kuɗin makarantarku.

Yanzu mu zo kan darasinki. Tun zangon karatu na 2007/2008 aka wajabta wa ɗaliban jami'a a Najeriya darasin dogaro da kai, ko me suke karantawa. Niyyar mai kyau ce. Amma na ga abin da ya koma a wurare da yawa: a tara ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, a karanta musu siffofin ɗan kasuwa su haddace, ƙarshen zango a raba su rukuni-rukuni su haɗa sabulun ruwa. Ba na raina sabulu, akwai gidajen da shi ya rufa wa asiri. Amma yaron da aka shekara huɗu ana koya masa yadda wuta take tafiya a waya da yadda ƙarfe yake gajiya, in aka ce iyakar kasuwancin da za a nuna masa ke nan, ai an gaya masa a fakaice ilminsa ba ya sayuwa. Sannan ki leƙa bayan ɗakin gwajin sashenku ki ga maƙabarta: injin casar masara, injin ɓare gyaɗa, na'urar busar da tumatir, na'urar ƙyanƙyasar ƙwai. Duk aikin kammala karatu ne, duk an ba su maki mai kyau, duk tsatsa tana cin su. 'Yan'uwan injin Baba ne. Ba wanda ya ce wa yaron ya ɗauki abin da ya ƙera ya kai inda ake tayi.

Ɗalibanki za su cika miki kunne da labarin Amurka, to ki ba su shi daidai. A Jami'ar Stanford an yi wani malamin injiniyan lantarki, Frederick Terman, wanda yakan kwashi ɗalibansa ya kai su ƙananan masana'antun rediyo na yankin, su ga masu cin abinci da abin da ake karantawa a aji. Shi ya matsa wa biyu daga cikinsu, Bill Hewlett da David Packard, su kafa nasu. A 1939 suka fara a garejin gidan haya da jarin dala 538. Na'urar gwajin sauti suka fara sayarwa, dabarar kuwa ita ce Hewlett ya sa ɗan ƙwan fitila mai araha ya daidaita ta, sai tasu ta fi ta kowa sauƙin kuɗi. Kamfanin Disney ya sayi guda takwas. Abin da yake ba ni dariya, farashin farko da suka sa, dala 54.40, ba daga lissafi ya fito ba, lambar ce ta yi daidai da wani tsohon taken siyasa na ƙasarsu. Su ma irinmu ne, sai da suka koyi yanka farashi.

Tun 2011 kuma hukumar da take ba da kuɗin binciken kimiyya a can ta kafa wani shiri ga malaman jami'a masu son fitar da bincikensu kasuwa, an gina shi a kan darasin wani malami mai suna Steve Blank. Sharaɗin shi ne cikin mako bakwai su je su zauna da mutum 100 da suke zaton za su saya, su saurare su, ban da talla. Mutum 100! Ni ɗaya ta ishe ni, tana kuma cikin gidana.

Saboda haka makon farko kada ki hau allo. Raba su biyar-biyar, kowane rukuni da ɗan littafin rubutu, ki kore su: wasu wurin masu markaɗe, wasu masu cajin waya, wasu masu ban ruwa a fadama, wasu masu ƙanƙara. Ki hana su tambayar “za ka saya in na ƙera?”, domin Bahaushe ba ya ce wa baƙo a'a, zai ce me zai hana. Su tambayi abin da ya riga ya faru. Jiya nawa ka kashe a fetur, yaushe rabon injin nan da tsayawa, wa ya gyara, kwana nawa ka yi ba aiki, wa yake riƙe kuɗi a gidan nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma su gaisa tukuna. Na sha ganin 'yan jami'a suna faɗa wa rumfar dattijo da takarda a hannu kamar masu karɓar haraji, sannan su yi mamaki da aka ce musu komai lafiya.

Kina da abin da ni ban samu ba. Ni iyakata zaure. Sana'o'inmu da yawa a bayan labulen “ba shiga” suke: man gyaɗa, daddawa, awara, taliya, surfe, turara shinkafa. Injiniyoyinmu maza sun daɗe suna ƙera wa matan da ba su taɓa ganin aikinsu ba, ta bakin miji ko ɗan aike. Ke da ɗalibanki mata sallama kawai za ku yi ku shige har bakin murhu. Kada ki bari a mayar da 'yan matan ajinki marubuta rahoto, maza suna riƙe da sufana.

Misalin da nake so ki fara da shi ma na gida ne. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, daga gidan maginan tukwane ya fito. Ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, bushewar tana janye zafi daga ciki, lissafin da kika fi ni sani. Yalon da yake yanƙwanewa a kwana 3 sai ya kai kwana 27. Ilmin ba sabo ba ne, duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya san shi. Abin da ya kai shi ga kyautar Rolex a 2000 shi ne sauran aikin. Ya ɗauki maginan tukwane aiki, ya raba dubban tukwanen farko kyauta daga aljihunsa don gani ya kori ji, ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo, ana yawo ƙauye-ƙauye da majigi da janareta ana haskawa. Ki tambayi ajinki, a cikin wannan duka wanne ne aikin injiniya. Duk wanda ya ce tukunyar ce kaɗai, ki sa masa ido, irina ne.

Sai farashi, inda muka fi faɗuwa. In kin ce wa ɗalibi ya yanka kuɗin abin da ya ƙera, zai tara kuɗin faranti da boris da fenti, ya ɗora ɗan wani abu ya ce riba. Ya manta da ladan hannunsa, da kuɗin mota zuwa kasuwa sau biyar, da farantin da ya ɓata, da gyaran da zai je yi kyauta, da wanda zai ɗauka bashi sai kaka. An cire tallafin fetur a Mayun 2023. A Afrilun 2024 kuɗin wutar masu layin Band A ya koma naira 225 kowane ma'auni daga ƙasa da 70. A wannan tsakanin dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Wanda ya sayo batir da faifan sola kafin nan ya sayar a kan tsohon lissafi yana murnar riba, da ya koma sari sai ya tarar kuɗin ba ya sayen rabin kayan. Kowane yaron kanti a kasuwar Kwari ya san ba a kan yadda ka sayo ake sayarwa ba, a kan yadda za ka sake sayowa ne. Ki gayyato ɗaya daga cikin iyayen gidansu ya yi wa ajinki awa ɗaya, ki ba shi kujerar da kike ba farfesa.

Kuma ba kullum injin ake sayarwa ba. Mai buƙatar markaɗe ba ta sayen injin markaɗe, kwano take aikawa da kuɗin kwano. Wani ɗan Imo, Nnaemeka Ikegwuonu, ya kafa ColdHubs a 2015, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni. Da ya ce mai tumatir ya sayi ɗaki, da har yau yana jira, sai ya fara da naira 100 a kan kowane kwando a kwana. Ki tuna da shi in wani rukuni ya dawo daga Kwanar Gafan da labarin tumatir da yake ruɓewa a bakin titi. Mu ma a ƙarshe haka muka yi da injin juyin: a ajiye shi gidan wata a unguwa, maƙwabta suna kawowa ana biya kwano-kwano, ita kuma tana biyanmu duk mako kamar zubin adashi.

Za su ce miki ba jari. Wani lokaci gaskiya ne. Amma na lura da wani sabon salo, yara masu yawon gasa: yau suna wannan otal suna haska hotuna, gobe suna wancan, sun iya Turancin neman tallafi, sun ci kyauta uku, ba su taɓa rubuta wa baƙo rasit ba. Ki koya musu hanyar kakanninsu. Kafin alƙalami tukuna, sai adashi, sai mudaraba da mai kuɗin da ya yarda da kai, shi da dukiya kai da aiki, riba a raba yadda aka yi alkawari, in an faɗi ba da sakaci ba shi ya rasa kuɗi kai ka rasa wahalarka. A rubuta a sa shaidu, ko da da ɗan'uwa ne, musamman ma da ɗan'uwa.

Ga wadda za ta yi miki ɗaci. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai saye aka ce masa ya yi tsada aka juya baya ba, bai san abin da yake koyarwa a wannan darasi ba, yara kuma suna ganewa. Na san akwai shinge: kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Ban ce ki karya doka ba, ban kuma ce ki zama irin malaman da ake nema a aji suna shago ba. Jami'o'i suna da kamfanoninsu da cibiyoyin koyar da sana'a, ta nan za ki bi, da takarda, da sanin shugabanni. Ki ɗauko abu ɗaya daga maƙabartar sashenku, ke da ɗalibai, ku yi ta gyara har wanda bai san ku ba ya ciro kuɗi daga aljihunsa. Bayan wata uku ku koma ku ga yana aiki ko an ɗaure akuya a jikinsa. Kafin a fara a rubuta wa yake da me, don dabarar ɗalibi tasa ce, malamin da ya cinye ta saboda yana riƙe da makin yaro Allah ba zai bar shi ba. Wajen maki kuma, tsarin kasuwanci mai shafi 40 kowane shagon kwamfuta zai buga wa yaro. Ki nemi littafin da suka yi yawo da shi, mai datti. Rukunin da ya ce “Malama, mun tambaya, ba mai so, ga dalili, mun canza” ya fi wanda ya kawo miki ribar miliyoyi a takarda. Na farkon sun tsira da kuɗin sallamarsu.

Sau ɗaya muka taɓa yin faɗa da mutumina na Panteka. Ba ya sa wa bel marufi, wai ƙarin kuɗi ne, masu saye ba sa tambaya. Ni kuwa a masaƙa na ga abin da bel yake yi wa hannun riga, matan da za su tsaya kan injin nan kuma da mayafi da hijabi suke aiki, ga yara suna rarrafe. Na ce ko a sa marufi ko in koma gida. Kwana uku ba ma magana, sannan ya sa. Haka muka yi a kan duro, wanda aka taɓa zuba sinadari a ciki ba ya zama mazubin abinci ko an wanke shi sau goma. Ɗan kasuwa zai iya cewa mai saye ya gani ya yarda. Injiniya ba shi da wannan mafaka, don ya san abin da mai saye bai sani ba, ya san kaurin da ya rage, ya san wayar da ya sa ba za ta ɗauki wutar ba. Rage kaurin ƙarfe a ɓoye tauye mudu ne, ko da ba hatsi ake aunawa ba. Wannan kam ki sa shi a jarrabawa.

Mahaifiyarki ta karanta takardar nan kafin in aika, wannan karon na tambaye ta. Ta ce in cire maganar dariyar da ta yi, na ƙi. Ta kuma ce in gaya miki tana son wurin nan na bayan madafa kafin damina, za ta yi wa awaki rumfa. Saboda haka in kin samu hutu ki zo da a-kori-kura da samari huɗu majiya ƙarfi, injin yana da nauyi, faranti mai kauri na sa masa. Ki kai shi ajinki ki ajiye a gaba. Ki zo musu da kwano ɗaya na gyaɗa su matse, ki miƙa musu abin da ya fito ta baya, ki ce su mulmula, kada ki gaya musu komai. Zanen yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, in ba gara ta riga mu ba. Moton sai an sake masa naɗi, kuma ki fara tabbatarwa akwai layi uku a ɗakin gwajinku.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Wassalam.

Mahaifinki,
Kaduna.